Ranar da Na Wanke Fuskar Firinsifal

Ban taɓa mantawa da ranar da na wanke farantin Malam Garba ba, kuma ba na jin zan manta sai ran da Ubangiji ya kira ni gida. Ku da kuka shigo aikin shara yanzu kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi da tsintsiya a hannu. To ga wanda na zaɓa. Ni ban taɓa shiga aji ba sai don in share shi. Bakina ne ke faɗi, hannun wani ke rubutawa, amma na ce kada a gyara mini komai.

Makarantar sakandare ce ta kwana a gefen Kafanchan, ba sai na kira sunanta ba. Mu masu shara mu shida ne, kuma a duk ma'aikatan makarantar ba wanda ke ƙasa da mu. A kanmu akwai hedikilina, wato shugaban masu shara. A kan hedikilina akwai Bais, wato mataimakin Firinsifal mai kula da ma'aikata. A kan Bais kuma sai Firinsifal da kansa. Kowace Litinin hedikilina yakan manna rosta a ƙofar sito, takarda ce mai sunan kowa da ɗakunan da zai share a wannan mako. Ban iya karatu ba, amma na san sunana Saratu, domin yana farawa da wani harafi mai kama da maciji.

Akwai kuma abin da ake kira kweri. Takarda ce daga ofishin Bais da ke tambayarka dalilin da ya sa ka yi kaza, kuma dole ka amsa a rubuce. Ta farko gargaɗi ce. Ta biyu jan kunne ce. Ta uku kuwa, fayil ɗinka zai tafi ofishin shiyya, kuma fayil ba ya dawowa daga can da alheri: ko a jefa ka wata makaranta a ƙauye mai nisa, ko a ce ka je gida ka huta. Ni a lokacin shekarata goma sha tara a bakin aiki, fayil ɗina fari tas, ko ɗigo babu. Ina alfahari da wannan ƙwarai. Ko a taron zumuntar mata a coci nakan samu hanyar da zan ambata shi.

Abokiyar aikina ta kusa ita ce Maman Chidi. Iyayenta daga kudu suka zo aikin jirgin ƙasa, a kwatas ɗin reluwe aka haife ta, a nan ta girma, a nan ta yi aure. Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "kai" ne a wurinta, ko ni ma "kai" take ce mini. Mace ce mai aiki kamar maza biyu, mai baki kamar mata goma. Kweri biyu ne a fayil ɗinta. Ɗaya na makara. Ɗaya kuma don ta ce wa malamin lissafi ko akuya ta fi shi sanin inda ake zubar da ɓawon gyaɗa. Mijinta tsohon ma'aikacin reluwe ne, ɓarin jikinsa ya shanye, ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke kai shi asibiti in ranar ganin likita ta zo.

To, ana nan, damina ta kankama, muna zangon karatu na ƙarshe. Wata Laraba da safe Maman Chidi ta sa hannu a littafin zuwa aiki, ta jawo ni bayan sito.

"Saratu, yau ranar likita ne. Ɗakin zane kawai ya rage mini. Ka share mini, zan dawo kafin a tashi."

Doka ta ce ba a musayar ɗaki sai hedikilina ya sani. Amma duk muna yi. Na ce ta tafi, Allah ya ba maigida sauƙi.

Ɗakin zane kuwa ban taɓa shigarsa ba, ko da yaushe nata ne. Na Malam Garba ne, malamin zane, ɗan gidan masu sayar da citta a kasuwar gari. Siririn mutum, mai sanyin murya, kullum da fensir a bayan kunne. Aikinsa fentin ruwa: yakan jiƙa burushi, ya taɓa launi, ya zana fuskar mutum a takarda mai kauri har ka ga kamar za ta gaishe ka. A wannan zango Firinsifal zai yi ritaya, malamai suka ɗora wa Malam Garba ya zana shi, a ba shi kyauta ranar bikin sallama. Har sau huɗu Firinsifal ya zo ya zauna masa. Hoton yana can a lungu, an rufe shi da ƙyalle. Ban taɓa shi ba. Na san abin da aka rufe ba nawa ba ne.

Na share, na goge tebura, na kakkaɓe yanar gizo. Sai idona ya faɗa kan wani faranti kusa da famfo. Farin farantin ƙarfe, irin wanda muke cin tuwo a ciki. Ya bushe ƙamas da wani abu, nan ja kamar manja, nan baƙi kamar ƙanzo, tsakiya kuma kamar miyar kuka da ta kwana uku. Na riƙe haɓa. Na ce, oh ni Saratu, malami guda da digiri, ya ci abinci ya bar faranti haka? Na ce kuma ita Maman Chidi ina idonta yake duk wannan lokaci?

Na ɗauko soso. Na sa garin sabulu. Ya ƙi fita, na fita waje na ɗebo yashi. Ina dirzawa ina waƙar yabo, ruwa yana gangarawa ja, yana gangarawa ƙasa-ƙasa, yana gangarawa baƙi, har farantin nan ya yi fari kamar ranar da aka saye shi. Na kife shi a bakin taga. Na tsaya na dube shi da daɗin rai. Har na ce a zuciyata, gobe mutumin nan zai san an canza hannu.

Ya kuwa sani.

Washegari ana tsakiyar asambuli, sai ga Malam Garba, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga nesa ba, ya ratso fili da faranti a sama, yana tafiya kamar zai tashi, yana cewa, "An wanke fuskar Firinsifal! An wanke fuskar Firinsifal!" Ɗalibai suka juya gaba ɗaya suna duban Firinsifal, shi kuma ya kai hannu ya shafa fuskarsa.

A ofishin Bais ne muka ji bayani, domin an tara mu duka shida. Ashe fentin ruwa in ya bushe a faranti bai mutu ba, barci yake. Da ka taɓa shi da jiƙaƙƙen burushi sai ya farka. Malam Garba ya ce makonni ya yi yana haɗa launin fatar Firinsifal a farantin nan, ɗigo a kan ɗigo, kuma yanzu ya bi kwata. Ya ce hoton ba zai ƙaru ba sai ya sake nemo launin, kuma bai san ranar da zai same shi ba.

Bais bai tambayi kowa komai ba. Ya aika aka ciro rosta, ya bi da yatsa. Ɗakin zane, Maman Chidi. Kafin azahar an miƙa mata kweri ta uku. Ya ce da an gama bikin sallama, nan da mako biyu, zai kai fayil ɗinta ofishin shiyya da hannunsa.

Ina tsaye a wurin. Bakina yana nan, harshena yana nan. Ban ce komai ba.

Da muka fito na bi ta bayan sito. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Saratu, ka yi shiru. Ka ji ko? In na ce ba ni ba ne, za su ce to ina kake ran Laraba? In ce na sa hannu na gudu asibiti? Wannan ma kweri ne. Ko ta ina na bi, uku ne. Kai taimakona ka yi. Gara mutum ɗaya ya faɗi da mu biyu."

"Amma 'yar'uwa..."

"Ba amma. Sai dai gaskiya ka iya wanki. Shekara shida ina kallon farantin nan hannuna yana ƙaiƙayi."

Ta yi dariya, ni ma na yi. Ku saurara da kyau, domin nan ne wurin da nake so ku ji. Da ta ce in yi shiru, zuciyata ta yi sanyi. Daɗi na ji. Kuma na san wani abu da ita ba ta tsaya ta tuna ba: Bais mutum ne mai zafi, amma ya yi jinyar mahaifiyarsa shekaru, in ka nuna masa katin asibiti jikinsa yakan mutu. Da mun je mu biyu da kati a hannu, da wataƙila ta tsira. Amma da sunana ya shiga. Na san wannan, na haɗiye shi. Farantin kuskure ne. Wannan kuwa ba kuskure ba ne.

Kwanci tashi, mako ya ƙare. Maman Chidi ba ta canza mini ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ciwo. Kullum takan zo da alale a ganye ta raba biyu ta ba ni rabi, ni kuma in tauna kamar ina tauna tsumma. Takan ce, "In sun jefa ni bayan Zangon Kataf, birai zan koya wa shara." Mu yi dariya. Amma ran Juma'a na ji ta a bakin get tana tambayar wani mai babur awa nawa ake yi zuwa can in ruwa ya ɓata hanya. Ya faɗa mata. Ta ce, "To wa zai juya mini maigida da rana?" Ba da mai babur take ba.

Ran Litinin sabuwar rosta ta fito. An hana Maman Chidi ɗakin zane. Na duba wurin, sai ga harafin nan mai kama da maciji.

Na shiga da sallama a hankali, kaina a ƙasa. Malam Garba yana zaune ya dafe kai. Na fara shara daga nesa da famfo. Can sai na ji ya ce, "Mama, tsaya."

Na ce shi ke nan, ƙarshena ya zo.

"Juyo wajen taga. A'a, kaɗan. Ɗaga haɓa." Ya taso ya zagaya ni kamar mai tayin akuya. "Ikon Allah. Mama, ke da Firinsifal a tukunya ɗaya aka dafa ku. Launinku ɗaya sak."

Na ce, "Malam, ai ƙauyukanmu suna kallon juna."

Ya ce Firinsifal ba shi da lokacin sake zama, yana ta miƙa ofis. Amma in na zauna masa awa guda kullum na kwana uku, zai nemo launin a fuskata. Ya je ya roƙi Bais, Bais ya yarda, aka gaya wa hedikilina. Kun ji yadda Ubangiji yake aikinsa. Launin da na zubar a kwata, a fuskata za a neme shi.

Shekara goma sha tara ban taɓa zama a kujerar makaranta lokacin aiki ba. Ranar na zauna, hannuwana a cinya, tsintsiya a jingine da bango tana kallona. Ya manna takarda a katako, ya ɗebo ruwa a kwalba biyu, ya jawo faranti. Wannan farantin dai. Fari tas, aikin hannuna.

Ya fara da launi mai haske ƙwarai, kamar ruwan shayin da aka tsarma. Ya jira ya bushe. Ya ƙara wani a kai. Ya jira. Yana yi yana magana, kamar yadda ya saba yi wa ɗalibai.

"Mutane suna cewa baƙar fata, baƙar fata. Babu baƙi a fuskarki, Mama. Akwai jan manja, akwai rawayar citta, ga shuɗi nan a ƙarƙashin ido."

"Shuɗi a fuskata? Allah ya kiyaye."

"Yana nan. Kuma kin ga ba ni da farin fenti. Duk farin da za ki gani, takarda ce na bari ban taɓa ba. Shi fentin ruwa ba ya rufa wa kowa asiri. Fentin mai in ka yi kuskure sai ka shafe da wani, ba wanda zai sani. Wannan kuwa, duk abin da ka sa a ƙasa yana leƙowa ta sama."

Gumi ya karyo mini, ga shi ana yayyafi a waje.

"Mama, ni za ki kalla, ba famfo ba."

Na dawo da ido. Bayan kaɗan ya sake cewa, "Mama, famfon nan bashi kike binsa ne?" Na ce a'a, wuyana ne ke ciwo. Ya ce to. Haka muka yi ranar farko, haka muka yi ta biyu. Ba ya nuna mini takardar, ni ma ban tambaya ba. Abin da na lura kawai, shi ma ba ya daɗewa a idona. Ya duba goshi, ya duba kunci, da ya zo ido sai ya yi sauri ya koma faranti.

Rana ta uku, yana cikin aiki, sai ga kan Maman Chidi ta taga, tsintsiya a kafaɗa. An hana ta shiga, ba a hana ta leƙe ba. Daga inda take tana ganin takardar. Ta duba, ta dube ni, ta sake dubawa, sai ta fashe da dariya har tana buga taga.

"Malam, ka kama shi! Wallahi ka kama shi! Kamar wanda ya ci kazar fasto aka ce kowa ya buɗe baki!"

Sai dariyar ta tsaya tsak, kamar an kashe rediyo. Ta ga abin da ta faɗa. Ta ce, "Bari in je, ban gama baranda ba." Ta wuce.

Na ce, "Malam, ina so in gani."

Ya juyo katakon.

'Ya'yana, na sha ganin kaina a madubi, na sha ganin kaina a hoton waya. Amma a madubi mutum yakan gyara fuska kafin ya duba. Wannan ba a ba ni lokacin gyarawa ba. Ga ɗankwalina, ga tabon da ke gefen hancina, ga launin nan da ake nema ya fito sak, har shuɗin da na yi musu yana nan. Amma bakin a tsuke yake kamar an ɗaure bakin buhu. Kafaɗa ɗaya ta ɗaga. Idanun kuma ba sa kallon mai kallo, sun zame gefe, kamar na yaron da ya ji ana kirga nama. Tsohuwa ce mai zuwa coci, mai farin fayil, kuma duk wanda ya gan ta ya san tana zaune a kan wani abu.

Na ce, "Malam Garba, ni na wanke farantinka. Ba ita ba ce. Ta kai mijinta asibiti, na karɓar mata. Na ɗauka miya ce."

Na jira ihu. Bai yi ba. Ya sa burushi a kwalba. Sannan ya tashi, ya je lungu, ya yaye ƙyallen da ke kan hoton Firinsifal.

Firinsifal ne kam, da tabarau da komai. Amma a tsakiyar goshinsa takarda ta saluɓe, ta yi wani fari-fari mai gashi kamar ƙuna, faɗin kwalbar magani.

"Wannan kafin faranti ne," in ji shi. "Kwana biyu kafin faranti. Madam ɗin Firinsifal ta zo ta gani, ta ce na cika masa layi a goshi, mijinta ba tsoho ba ne. Na kasa ce mata haka goshin yake. Na jiƙa burushi na ce bari in ɗauke layi ɗaya. Na ɗauke, na ga saura sun fito. Na yi ta gogewa, na yi ta gogewa, har takarda ta ce ta gaji. Na rasa yadda zan gaya wa malamai na ɓata aikin wata guda. Ina cikin wannan sai na shigo na ga faranti fari. Mama, wallahi kamar an aiko mini mala'ika."

"To launin fa?"

"Launin? Kafin ruwan shayi ya tafasa na haɗa shi."

Na miƙe tsaye. Na manta ni mai shara ce shi malami. Na ce, "Kai Garba! Ashe don me ka zaunar da ni kwana uku kamar kazar da ke kwanci?"

"Dole in sake hoton daga farko, ni kuma tsoron sake ɓatawa nake tun ranar. Na ce bari in fara da fuskar da ba za ta ba ni kweri ba." Ya sunkuyar da kai. "Ban zaci Bais zai kai abin nan shiyya ba. Tun ranar in zan je masallaci ta bayan kicin nake bi, don kada in haɗu da Maman Chidi. Idon da kike gani a takardar nan, ni kaina ban sani ba, naki na zana ko nawa."

Muka tsaya, ni da shi, da tsohuwa mai zamammen ido, da Firinsifal mai ƙuna a goshi. Ban san wanda ya fara ba, amma dariya ta kama mu, irin wadda ke zuwa da hawaye. Na ce masa, "Ɗana, mu biyun nan ba mu da kirki." Ya ce, "Ko kaɗan, Mama."

Ba mu wuce ofishin Bais kai tsaye ba, domin maganar Laraba ta Maman Chidi ce, sai ta yarda. Muka same ta a baranda. Malam Garba ya cire hula ya faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, hannu a ƙugu.

"Tsaya. Wato ni na sha kweri saboda goshin Firinsifal?"

"Haka ne, Mama. Ki yafe mini."

"Mako guda ina tunanin wanda zai ɗaga mini miji, saboda goshi?" Ta ɗaga tsintsiya, ya ja baya, ta sauke. Ta juyo kaina. "Kai kuma, ba na ce ka yi shiru ba?"

Na ce, "Kin ce. Kuma na ji daɗi da kika ce. Na san Bais ba ya ƙetare katin asibiti, na ƙi tuna miki don kada sunana ya shiga. Wannan ne nake roƙon gafara a kai."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Alalena nawa ka ci a kwanakin nan?"

"Takwas."

"Allah ya isa na alale. Sauran na yafe. Gobe zan zo da kati."

Washegari da safe muka jera a gaban teburin Bais. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na wanke." Malam Garba ya ce, "Yallaɓai, wankin ba shi ne matsalar ba, ni na yi ƙarya." Maman Chidi ta ce, "Oga, ni na gudu daga aiki, ga kati." Duk a lokaci ɗaya.

Bais ya buga tebur. "Ɗaya bayan ɗaya! Tun da na fara aiki ban taɓa ganin ana layin karɓar laifi ba."

Ya saurare mu. Ya aika aka kawo hoton Firinsifal, ya duba goshin, ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna motsi. Ya karɓi katin asibiti, ya juya shi gaba da baya, ya tambayi tun yaushe maigidan yake kwance. Ta faɗa masa. Ya buɗe fayil ɗinta, ya zare kweri ta uku, ya yaga a gabanmu. Ya ce barin aiki ba izini laifi ne, ya yi mata gargaɗi da baki, kuma daga yau duk ranar likita ta gaya wa hedikilina ta tafi, shi ya ba da izini. Maman Chidi ta buɗe baki za ta yi magana, ya ce, "Madam, in kika ce komai zan manna takardar nan da gam." Ta rufe.

Malam Garba ya samu kweri. Ni ma na samu, ta farko a rayuwata: musayar ɗaki ba da sanin hedikilina ba, da yin shiru aka hukunta wani. Bais ya ce in amsa a rubuce. Na ce ban iya ba. Maman Chidi ta ce ita ta yi firamare, za ta rubuta mini. Muka zauna bayan sito, ta ɗora takarda a gwiwa, tana rubutawa tana karanta mini da ƙarfi: "Ni Saratu, mai wanke abin da ba a sa shi ba..." Na ce ta cire wannan. Ta ce ba ta da abin gogewa. Haka na dangwala yatsa, haka ya shiga fayil, kuma ina jin yana can har yau.

Malam Garba ya sake hoton cikin kwana biyar, ya mayar da layin goshi duka, bai rage ko ɗaya ba. Ranar bikin sallama Firinsifal ya karɓa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya shi ga jama'a yana nunawa da yatsa: "Wannan layin 'yan aji uku ne suka yi mini. Wannan na malamai ne. Wannan mai zurfin, daga gida na zo da shi." Zaure ya ɗauka, matarsa ma sai da ta yi dariya. Maman Chidi ta ci gaba da aiki a makarantar har ta yi ritaya, ita ta riƙe mijinta da hannunta har ƙarshensa.

To, abin da na koya ke nan. Hannun mai shara ya fi bakinta sauri, kuma abin da kika ga datti ne wataƙila aikin wani ne yake barci. Ki tambaya, tambaya ba ta cin minti ɗaya. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Babban shi ne, a wurin aiki kowa yana jin tsoro, mai digiri da mai tsintsiya, kuma mai tsoro yakan nemi abin da zai ɓuya a bayansa. Malam ya ɓuya bayan faranti, ni na ɓuya bayan ƙawata. Laifin da aka ƙi ɗauka kuwa ba ya tsayawa a sama, gangarowa yake, ofis bayan ofis, har ya sauka a kan wadda sunanta ke rosta, kuma sau da yawa ita ce wadda ta fi kowa kaya a ka. Saboda haka in ranarki ta zo, kika yi ɓarna, abokiyar aikinki ta jawo ki bayan sito ta ce, "Yi shiru, zan ɗauka," ki gode mata, ki rungume ta, ki riƙe hannunta, ku tafi ofishin Bais ko da tana zaginki a hanya.